Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana: Martani Kan Rikicin Gidaje a Kalifoniya

A farkon shekarar 2022 hukumar wani ƙaramin gari mai suna Woodside, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta fitar da sanarwar da ta ba duniya dariya. Garin na masu hannu da shuni ne, mutanensa dubu biyar ne da 'yan kai, gidajensa kuwa irin waɗanda ake kiwon dawaki a bayansu ne. Sanarwar ta ce ilahirin garin mazaunin zakin dutse ne, wata dabba dangin damisa da hukuma ke duba yiwuwar ba ta kariya ta musamman, saboda haka an dakatar da karɓar takardun neman gini a ƙarƙashin sabuwar dokar jiha mai suna SB 9. Dokar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun shekarar, ta ba mai fuloti damar raba shi biyu ya gina gida biyu a kowane rabi. Zakin da bai taɓa damuwa da katafaren gida mai wurin ninkaya ba, sai ga shi ya tsorata da gida biyu a fili ɗaya. Babban lauyan jihar, Rob Bonta, ya aika musu da wasiƙar gargaɗi, cikin 'yan kwanaki suka janye.

Wannan labari bai samu shiga maƙalar da wani marubuci ya wallafa kwanan baya ba, wadda a cikinta ya tsaya kai da fata yana kare mazauna unguwannin Kalifoniya masu hana a gina sababbin gidaje kusa da su. A can ana yi wa irin waɗannan mutane laƙabi da NIMBY, wato masu cewa a gina, amma ba a bayan gidansu ba. Marubucin yana ganin an zalunce su da wannan suna. Hujjarsa ta farko ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka mutanen unguwa su ne suka fi cancanta su yanke hukunci kan abin da za a gina musu. Ya ƙara da cewa 'yan kasuwar gini ba sa gina wa talaka komai sai benaye na ƙawa da ke ƙara tsadar haya. Daga ƙarshe ya ce ƙarancin gidaje ma tatsuniya ce, gidaje na nan a kulle hannun masu jari, in kuwa ana son taimakon talaka to gwamnati ta gina da kanta.

Rubutun ya yi daɗi, kuma akwai inda yake da gaskiya. Mutanen San Faransisko ba su manta da unguwar Fillmore ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 hukumar sabunta birni ta shiga wannan unguwa ta baƙaƙen fata da buldoza, ta rushe gidaje da shaguna da gidajen kiɗa, ta tarwatsa dubban iyalai da alƙawarin za su dawo. Filaye da yawa suka yi shekaru fayau, ciyawa kawai ke tsirowa. Daga irin wannan ta'asa ne aka samu dokokin da suka ba jama'a damar cewa a'a. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle.

Sai dai marubucin bai tsaya ya tambayi wane ne mai ɗakin ba. Malamai uku na Jami'ar Boston, Katherine Levine Einstein da David Glick da Maxwell Palmer, sun yi wannan tambaya. Sun bi rubutattun bayanan tarukan hukumomin tsara gari a garuruwa 97 na yankin Boston, suka tantance su wa ke tashi su yi magana da abin da suke faɗa, suka fitar da sakamakon a littafinsu na 2019 mai suna Neighborhood Defenders. Kusan kashi 15 cikin ɗari ne kacal na masu magana suka goyi bayan sabon gini, sama da kashi 60 suka yi adawa. Masu maganar kuma galibinsu dattawa ne, maza, fararen fata, masu gidan kansu, fiye da yadda adadinsu yake a cikin jama'ar garuruwan.

Duk wanda ya taɓa kallon irin wannan taro ya san yadda yake gudana. Zaure ne a ofishin ƙaramar hukuma, kansiloli a kan dandamali, makirufo guda a tsakiya, agogo yana ƙirga wa kowa minti biyu ko uku. Wani tsohon injiniya mai ritaya zai taso da fayil ɗinsa ya yi bayanin cunkoson motoci. Wata za ta ce benen zai tare mata rana a lambu. Wani zai ce shi fa yana son gidaje masu sauƙin kuɗi ƙwarai da gaske, sai dai wannan titin bai dace ba. A daidai lokacin, ma'aikaciyar jinyar da za ta iya kama ɗaki a benen tana kan hanya, tana ratsa tsaunin Altamont zuwa Stockton, tafiyar kusan kilomita 130 daga San Faransisko, domin can ne albashinta ke iya biyan haya. Ba ta san ana taron ba. Ko ta sani, ba ta da adireshi a unguwar da zai sa a saurare ta, tunda gidan da zai ba ta adireshin shi ne ake gardama a kansa. Marubucin ya kira wannan dimokuraɗiyya. Dimokuraɗiyya ce da waɗanda hukuncin ya fi shafa ba su da ƙuri'a a cikinta.

Asalin wannan iko ma ba mai tsabta ba ne kamar yadda ya zana shi. A 1916 birnin Berkeley ya zama cikin na farko a Amurka da ya keɓe unguwa, wato Elmwood, aka ce gidan iyali guda kawai za a gina a kowane fuloti. Wanda ya fi matsa lamba a kan haka ɗan kasuwar filaye ne, Duncan McDuffie, wanda ke saka sharaɗin launin fata a takardun unguwannin da yake sayarwa. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Buchanan da Warley, ta haramta raba unguwanni da sunan launin fata ƙarara. Sai aka koma ga girman fuloti da tsayin gini, waɗanda ke yin aikin ba tare da an ambaci kowa ba. A 1926 kotun ta halatta wannan hanya a shari'ar garin Euclid, inda alƙali George Sutherland ya kwatanta benen haya a unguwar masu gida da kaska mai shan jinin wani.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba baƙon wannan dabara ba ne. A shekarar 1917 ɗin ne gwamnatin Lugard ta kafa dokar tsara garuruwa a Najeriya, a ƙarƙashin tsarin da ya tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Can aka fake da zaki, nan aka fake da sauro. Turawa sun tafi, manyan fulotan GRA suna nan, kuma ma'aikacin da ke sammako daga Mararaba ko Masaka zuwa tsakiyar Abuja zai gane halin ma'aikaciyar jinyar Stockton ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 2019 kusan kashi 75 cikin ɗari na filayen zama a Los Angeles doka ta hana a gina komai a kansu sai gidan iyali guda. A San Jose, lokacin da jaridar New York Times ta yi lissafin a 2019, adadin ya kai kashi 94. Ba a ce mutane sun zaɓi haka a kasuwa ba. Ko mai fulotin yana so, ko magini na da kuɗi, ko 'yan haya na layi, gina ɗakuna shida a wurin laifi ne.

Hujjar da marubucin ya fi jin daɗinta ita ce ta benayen ƙawa, cewa da gidan talaka ake ginawa da mutanen unguwa sun buɗe hannu. Nan ne tarihi ya fi ba shi kunya. A 1950 masu zaɓe a Kalifoniya, bisa kamfen ɗin ƙungiyar dillalan gidaje, suka saka sashe na 34 a kundin tsarin mulkin jihar. Sashen ya ce ba za a gina gidajen gwamnati masu araha a gari ba sai mutanen garin sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Babu irin wannan sharaɗi a kan gidan attajiri. An yi yunƙurin soke sashen a 1974 da 1980 da 1993, duk aka sha kaye.

Ga kuma Palo Alto, garin da ke maƙwabtaka da Jami'ar Stanford. A 2013 wata ƙungiya da ba ta neman riba ta samu amincewar majalisar gari ta gina ɗakuna 60 domin tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi a titin Maybell, tare da gidaje 12 na sayarwa da za su taimaka wajen biyan kuɗin aikin. Maƙwabta suka tattara sa hannu, aka kai batun akwatin zaɓe, aka kayar da shi. Tsofaffi ne fa, amma cunkoson motoci aka kafa hujja da shi. Ƙungiyar ta sayar da filin, ya koma hannun ɗan kasuwa mai gina tsirarun gidaje na miliyoyin daloli. Wannan shi ne ainihin abin da marubucin ya ce yana ƙi, kuma mutanen da yake karewa ne suka haifar da shi.

Gaskiya ne sabon gini yana da tsada, kamar yadda sabuwar mota take da tsada. Amma duk mai hawa mota 'yar Kwatano ya san cewa wani ne ya saye ta sabuwa a wata ƙasa, ya hau, ya sake ta. In aka daina ƙera sababbi, mai kuɗi ba ya komawa tafiya a ƙasa, kasuwar tsofaffi yake shigowa ya ture talaka. An ga haka a Amurka a 2021, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage ƙera motoci, farashin tsofaffin motoci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Haka gida yake. Matashin injiniyan kamfanin fasaha da aka hana ginin da zai shiga ba ya barin San Faransisko. Unguwar Mission yake nufa, ya taya tsohon ɗakin da iyalin wani mai wanke-wanke ke ciki, mai gida kuwa ya san lissafi.

Masanin tattalin arziki Evan Mast ya bi wannan sarƙa da ƙafa. Ya ɗauki adireshin mutane kusan 52,000 da suka tare a sababbin benaye masu tsada a manyan biranen Amurka, ya duba gidajen da suka bari, da waɗanda suka maye gurbinsu, da gidajen da su ma suka bari, har zagaye da dama. Ya tarar cewa duk sababbin ɗakuna 100 na farashin kasuwa suna buɗe gurbi tsakanin 45 zuwa 70 a unguwannin da kuɗin shigar mutanensu bai kai matsakaici ba, cikin 'yan shekaru. Wani bincike a Helsinki, inda hukuma ke da rajistar mazaunin kowa, ya samu irin wannan sakamako.

Batun gidajen da ke kulle ba ya buƙatar dogon zance. Lissafin da ake yawo da shi ya haɗa ɗakin da ɗan haya ya fita jiya wani zai shiga wata mai zuwa, da wanda ake gyara, da bukkar hutu a bakin tafkin Tahoe wadda ba ta da amfani ga mai aiki a Oakland. In aka tace, Kalifoniya tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin gidan da babu kowa a ciki.

Abin da ya fi nauyi shi ne abin da ƙarancin ke haifarwa. Jihar tana da kusan kashi 12 cikin ɗari na al'ummar Amurka, amma a ƙidayar 2023 tana da marasa matsuguni sama da 180,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk na ƙasar. An saba ɗora laifin kan ƙwaya da taɓin hankali. Gregg Colburn da Clayton Page Aldern, a littafinsu na 2022, sun gwada wannan zato birni bayan birni, suka ga bai tsaya ba. West Virginia ta fi kowace jiha yawan mace-macen ƙwaya gwargwadon jama'arta, Detroit tana fama da talauci, amma masu kwana a titi a wuraren nan ba su kama ƙafar na San Faransisko ko Seattle ba. Abin da ya bi sawun rashin matsuguni shi ne tsadar haya da ƙarancin ɗakin da ke kasuwa. Binciken Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko na 2023, ƙarƙashin Dakta Margot Kushel, ya ƙara da cewa kashi 90 na marasa matsugunin a cikin jihar suka rasa gidansu, kashi 75 ma a gundumar da suke kwana yanzu. Matsakaicin kuɗin shigar gidajensu kafin su faɗa titi dala 960 ne a wata. 'Yan gida ne haya ta kora.

Marubucin zai iya cewa duk wannan lissafin takarda ne. To, gani ya kori ji. A Jafan dokar ƙasa ce ke tsara rabe-raben filaye, kuma ginin da ya cika sharuɗɗa ba ya jiran yardar maƙwabta. A 2014 an fara gina gidaje 142,417 a Tokiyo kaɗai, alhali duk jihar Kalifoniya ta ba da izinin 83,657, Ingila gaba ɗayanta kuma ta fara 137,010. Jama'ar Tokiyo sun yi ta ƙaruwa, haya kuwa ta yi shekaru da dama kusan a tsaye. A New Zealand, birnin Auckland ya sassauta dokar gini a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa a 2016. Izinin gini ya ninka cikin 'yan shekaru, kuma Ryan Greenaway-McGrevy na Jami'ar Auckland ya ƙiyasta cewa bayan shekara shida haya ta yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da inda za ta kai da ba a yi gyaran ba. A Minneapolis, tsakanin 2017 da 2022, yawan gidaje ya ƙaru da kashi 12, haya ta ƙaru da kashi 1, yayin da a sauran jihar Minnesota ta ƙaru da kashi 14.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowane gyara ne ke haihuwa ba. A Minneapolis ɗin, soke dokar gida guda ce ta yi suna a jaridu, amma yawancin sababbin ɗakunan daga manyan benaye a bakin manyan tituna suka fito, da kuma janye tilascin tanadar wurin ajiye mota. Ita kanta SB 9 da ta firgita Woodside, gidajen da ta samar a shekarunta na farko ba su taka kara sun karya ba, domin garuruwa da dama sun lulluɓe ta da sharuɗɗan da suka sa ginin ba ya biyan kansa. Wannan ma dai shaida ce a kan guga, ba a kan rijiya ba.

Saura shawararsa cewa gwamnati ta gina. Madalla. Vienna ta yi haka, birnin yana da gidajen haya kusan 220,000 mallakarsa, kuma kusan rabin mazaunansa suna zaune a gidan hukuma ko na ƙungiyoyi masu iyakantacciyar riba. Babu shakka akwai talakan da kasuwa ba za ta taɓa kai wa gare shi ba, komai yawan gini, sai da tallafi. Sai dai gidan gwamnati ma a kan ƙasa ake kafa shi, kusa da gidan wani, kuma ta wannan zaure mai makirufo guda yake bi. Vienna ba ta daina gini ba, tana kan kafa sabuwar unguwar Seestadt a tsohon filin jirgin sama na Aspern. A Kalifoniya kuwa, jaridar Los Angeles Times ta gano a 2022 cewa akwai ayyukan gidaje masu araha da kowane ɗaki ke cin sama da dala miliyan ɗaya. Wani kaso na kuɗin jinkiri ne da lauyoyi da sake zane. Binciken hukumar gidaje ta jihar a 2023 ya nuna cewa a San Faransisko ana ɗaukar kwana 523 a matsakaici kafin a amince da aiki, sannan wasu kwana 605 kafin takardar izinin gini ta fito. Sama da shekara uku ke nan ba a ɗora bulo ko ɗaya ba. A wannan birni ne kuma, a Oktoban 2021, majalisa ta yi watsi da ginin ɗakuna kusan 500 da ƙuri'a 8 da 3. Abin da ke filin a lokacin wurin ajiye motocin wani babban kanti ne.

Ba sai an ce masu adawar mugaye ne ba. Mutane ne da yawancin dukiyarsu ke cikin gida guda, kuma ƙarancin gidaje yana ƙara masa daraja. Dokar haraji ta 1978, wadda aka sani da Proposition 13, ta ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin ɗari na ƙimar da aka saye shi, ta hana ƙimar ƙaruwa da fiye da kashi 2 a shekara. Wanda ya sayi gida a 1980 yana kallon darajarsa tana ninkawa, harajinsa na tafiyar hawainiya. Ribar tsadar tasa ce, zafinta na wasu. Marubucin da ya ƙware wajen gano son zuciyar ɗan kasuwar gini ya kamata ya hango wannan ma.

Ko da ya rasa duk waɗannan, labarin Berkeley na baya-bayan nan ya isa ya sa shi sake tunani. Dokar kare muhalli ta jihar, CEQA, wadda Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1970 yana gwamna, an yi ta ne domin koguna da dazuzzuka da iska. A 2022 wata ƙungiyar maƙwabta ta yi amfani da ita ta sa kotu ta daskarar da yawan ɗaliban da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley za ta ɗauka, abin da ya so ya hana wajen mutum 3,000 gurbi, har sai da majalisar jiha ta yi dokar gaggawa. Dalilin masu ƙarar shi ne jami'ar ba ta tanadar wa ɗalibai masauki ba. Ga shi kuwa tun 2018 jami'ar ta bayyana shirin gina masaukin ɗalibai kusan 1,100 a filinta na People's Park, tare da ɗakuna sama da 100 domin marasa galihu. Shi ma aka kai shi kotu. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa hayaniyar ɗalibai gurɓata muhalli ce da ya wajaba a yi nazari a kanta. Majalisa ta sake yin wata doka ta ce surutun mutane ba gurɓata muhalli ba ne. A Janairun 2024, cikin dare, 'yan sanda suka kewaye filin aka jera kwantenoni hawa biyu a matsayin katanga, sannan a watan Yuni Kotun Ƙolin jihar ta ba da damar a ci gaba. Shekara guda bayan haka, a ƙarshen Yunin 2025, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta cire yawancin gine-ginen zama na cikin birni daga ƙarƙashin CEQA. Ɗaliban da suka shiga jami'ar a shekarar da aka sanar da shirin sun riga sun karɓi digirinsu sun watse tun 2022, a lokacin ba a haƙa ko tushen ginin ba.